Amsoshin Tambayoyinku: Birnin Fatakwal

Wani mai sauraronmu daga Sandamu a masarautar Daura yana neman tarihin Fatakwal, da abin da ake nema a can, da yanayinta.

To malam, kwal ne ya kafa Fatakwal tun kafin fetur. Turawan mulkin mallaka sun gina tashar jiragen ruwanta a 1912 don fitar da kwal ɗin Inugu, suka raɗa mata sunan Lewis Harcourt, sakataren mulkin mallaka na Ingila. Da aka tono mai a Oloibiri a 1956 sai lamari ya sauya. An buɗe matatar mai ta farko a Alesa Eleme a 1965, ta biyu mai ganga 150,000 a kullum a 1989. 'Yan Arewa kuwa sun daɗe suna kai shanu da albasa Fatakwal.

Ruwan sama yakan wuce milimita 2,000 a shekara, ya ninka naku na Sandamu fiye da sau biyu. Abin tausayi shi ne baƙin ƙurar da ta addabi garin tun 2016, wadda ake dangantawa da matatun bayan fage. Mace ta shanya farin zane, kafin la'asar ya yi baƙi, kuma iskar nan yara ke shaƙa.