Nauyin da Ya Wuce Takardar Inshora

Ɗana, na ga yadda Ubangiji ya buɗa maka, kuma na ji daɗi. Injin casar shinkafa yana aiki. Tifofinka suna jigilar yashi da dutse. Yanzu kuma na ji kana neman tankar da za ta riƙa kai mai ƙauyukan fadama, wurin masu noman rani. Duk halal ne, kuma gidaje da yawa suna ɗora tukunya saboda kai. Allah ya ƙara.

Magana ɗaya nake so ka saurara, ka saurare ta a natse. Sana'o'in da ka zaɓa masu nauyi ne. Ƙarfe ne, da wuta, da mai, da dutse. Idan mai shagon atamfa ya yi kuskure, yadi ne zai ɓaci. Idan tifa ta yi kuskure, gidan wani ne, ko ƙafar wani, ko ran wani. Kuma a ƙauye kake aikinka. 'Yan kwana-kwana suna birni. Asibitin da zai iya ɗaurin karaya mai tsanani yana da nisa. Rumbuna na kara ne, dangogi na zana ne, iskar hunturu kuwa ba ta jiran kowa. Abin da za a kashe da bokiti biyu a cikin gari, a ƙauye sai ya cinye unguwa.

Na san za ka ce ai kana da inshora. Na yarda, kai ba mai wasa da takardu ba ne. To amma ka ɗauko takardar nan ka duba. Akwai wani adadi a cikinta, kuma a nan kamfanin yake tsayawa.

Tun daga 1 ga Janairun 2023, hukumar NAICOM mai kula da harkar inshora a Najeriya ta sabunta farashin inshorar da ke biyan wanda motarka ta yi wa ɓarna. Ƙaramar mota ta gida, daga naira 5,000 ta koma 15,000, kuma iyakar abin da za a biya na dukiyar da ta lalata ya tashi daga miliyan 1 zuwa miliyan 3. Babbar mota ta ɗaukar kaya, irin taka, naira 100,000 ne a shekara, iyakarta miliyan 5. Wannan adadi na dukiya ne. Rai da rauni suna da nasu babin a takardar, shi ma ka sa a karanta maka.

Miliyan 5 kuɗi ne, ba na raina su. Sai dai ka tuna lokacin da aka tsayar da su. Kafin a cire tallafin mai ne a watan Mayun 2023, kafin naira ta faɗi. Kai da kanka ka san nawa kake sayen taya a lokacin, ka san nawa take yau.

Bari mu ƙaddara, Allah ya kiyaye. A ce ranar kasuwa ce, birki ya tsinke wa tifarka a gangare. Ta rushe shaguna, ta daki wata mota shaƙare da riɗi, ta tsaya a jikin taransifoma. Aka ƙiyasta ɓarna ta kai miliyan 40. Kamfanin inshora mai gaskiya ne, ya biya miliyan 5 ɗinsa cif. Saura miliyan 35. Wa za a nema? Ba direba ba, shi albashinsa bai kai ya kai shi ƙarshen wata ba. Sunanka ne a jikin takardun mota. Sai a fara da ɗaya tifar. Sai injin casa. Sai gonar da mahaifinka ya bari, wadda ba taka ce kai kaɗai ba, ta ƙannenka ce da kai. Idan ba ka yi wa sana'ar rajista a matsayin kamfani mai zaman kansa ba, doka ba ta raba aljihun sana'a da aljihun gida. Ko ka yi rajistar ma, injin da motocin duk suna cikin abin da za a iya kamawa.

A nan ne inshorar ƙari take shigowa. Inshora ce ta biyu da ake ɗorawa a kan ta farko. Tana nan zaune, ba ta motsi, sai ta farko ta biya iyakarta ta ƙare. Daga nan sai ita ta ɗauka, har zuwa nata adadin. A misalinmu, da kana da ƙarin miliyan 50 a sama, ita za ta biya sauran miliyan 35, injinka kuma ya kwana a wurinsa. Wani lokaci takarda ce daban. Wani lokaci kuma kamfanin da kake da shi ne zai ɗaga maka iyakar, ka ƙara masa kuɗi. Hanya biyu ce, gida ɗaya suke zuwa.

Kada kuɗinta ya tsorata ka tun ba ka tambaya ba. A bisa al'ada, miliyan na sama ya fi miliyan na ƙasa sauƙin saye. Dalili kuwa a fili yake. Ƙananan haɗurra kullum ne, babban kuwa jefi-jefi yake zuwa, don haka kamfani ba ya cajinsa kamar na farko. Tankar mai dai za ta fi tifa tsada, wannan ka sa shi a lissafinka tun yanzu.

Tun da na ambaci tanka, bari in daɗe a kanta kaɗan, don ita ce ta hana ni barci. Ka tuna Majiya, a ƙaramar hukumar Taura ta Jihar Jigawa. Daren 15 ga Oktoban 2024 tankar mai ta kife, jama'a suka taru suna kwasar man da ya malale, wuta ta tashi. Sama da mutum 150 suka rasu. Watanni uku bayan haka, 18 ga Janairun 2025, aka sake yin irinta a mahaɗar Dikko ta Jihar Neja, sama da mutum 80 suka tafi. Allah ya jiƙansu, ya ba iyalansu haƙuri. Ban kawo su don in ɗora wa kowa laifi ba. Na kawo su ne don ka ga girman abin da mota guda ɗaya take iya jawowa cikin minti kaɗan. Babu kuɗin da zai dawo da rai. Amma bayan jana'iza akwai marayu, akwai waɗanda suka ƙone suna jinya wata da watanni, akwai mai shagon da bai taɓa ko digon man ba amma ya wayi gari ba shi da komai. Hausawa suka ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Ka ga inda zuciyata ta fi karkata ke nan. Mutane suna sayen inshora don su tsare dukiyarsu, kuma babu laifi a haka. Ni kuwa ina so ka saye ta don mutumin da ba ka sani ba. Tsohuwar da ke sayar da ƙosai a bakin titi. Yaron da ya kawo buhu biyu a casa masa, ya tsaya kusa da bel. Maƙwabcin da gonarsa ke jingine da ramin da kuke fasa dutse. Idan tsautsayi ya faɗa musu ta hannunka, haƙƙi ya hau kanka. Na san halinka, za ka so ka biya. To so daban, iyawa daban. Sau da yawa a ƙauyukanmu sai a taru gaban mai gari, a ce ƙaddara ce, a roƙi wanda aka cuta ya yafe. Shi kuma ya yafe, don kunya da don ya ga babu abin da za a ba shi. Yafiya alheri ce. Amma ta fi kyau idan mai ita ya yi ta ne alhali ga haƙƙinsa a ajiye a gabansa.

Wataƙila ranka yana ɗar-ɗar ta fuskar addini. Wannan alamar tarbiyya ce, kada ka ji kunyarta. Ka je wurin malaminka ka tambaye shi hukuncin aƙila. Zai gaya maka cewa diyyar kisan kuskure, raƙuma 100 ko dinare 1,000, ba a ɗora ta a kan mutum ɗaya. Danginsa na wajen uba, wato aƙila, su ne suke raba ta, su biya cikin shekara uku. A mazhabarmu ta Malikiyya kuma, raunin kuskure da bai kai sulusin diyya ba mai laifin ne yake biya daga aljihunsa, wanda ya kai sulusi ko ya haura sai dangi su ɗauka. Ka lura da hikimar. Ƙaramin nauyi naka ne, babban kuwa na taro ne, don kada wanda aka cuta ya tashi a tutar babu, kada kuma wanda ya yi kuskure ya durƙushe. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Yau dangi sun watsu, wani yana Legas, wani yana Agadas, kowa da ɗawainiyarsa. Shi ya sa aka samar da takaful, inda mahalarta ke zuba gudummawa a asusu ɗaya, a biya wanda abu ya sama, in an samu rara a raba. NAICOM ta fitar da ƙa'idojinta a 2013, a 2016 kuma ta ba Noor Takaful da Jaiz Takaful lasisi. Ka tambaye su ko suna ɗaukar irin haɗarin sana'arka, da kuma har nawa. Ka haɗa amsarsu da fatawar malaminka, sannan ka yanke.

Yanzu ga inda mutanen kirki suke tuntuɓe. Inshorar ƙari a kan ta farko take tsaye. Idan ta farko ta ƙare ba ka sabunta ba, ta sama ba za ta sauko ta cike gurbin ba. Za ta fara ne daga inda aka yi alkawari, ramin da ke ƙasa kuwa naka ne. Idan ta farko ta jabu ce, irin wadda ake bugawa a gindin bishiya kusa da ofishin lasisi, ka gina soro ne ba tushe. Akwai rumbun bayanai na NIID da kamfanonin inshora suka kafa, da wayarka za ka sa lambar mota ka ga ko takardarka tana ciki. Araha ba ta ado, ɗana.

Sannan galibi ta sama tana bin sharuɗɗan ta ƙasa ne. Abin da ta farko ta ce ba ruwanta da shi, ita ma ta biyu ba ruwanta. Direban da ba shi da lasisin da ya dace da motar. Lodin da ya wuce ƙima. Ɗaukar fasinja a saman yashi, wanda na san direbobi suna yi don tausayi. Fasa dutse da nakiya ba tare da izini ba. Waɗannan su ne ƙofofin da biya yake fita ta cikinsu. Kuma inshorar mota ta mota ce kawai. Ba ta san da injin casa ba, ba ta san da ramin dutse ba. Su suna buƙatar tasu takardar, wadda ke biyan jama'ar da aikinka ya cutar, ita ma da iyakarta. Ka tambaya, iyakar ta haɗari ɗaya ce ko ta shekara duka? Kuɗin lauya a ciki yake ko a waje? Tambayoyi ne ƙanana, amma miliyoyi ne a cikinsu.

Akwai kuma cutar da ba ta zuwa da ƙara. Ka tuna Zamfara a 2010, yankunan Anka da Bukkuyum. Ana niƙa duwatsun zinare a cikin gidaje, ƙurar dalma ta shiga ƙasa da abinci, yara sama da 400 suka rasu. Irin wannan gurɓatar da ke taruwa sannu a hankali, yawancin takardun inshora sun cire hannunsu daga gare ta. Ina faɗa maka ne saboda man da zai riƙa tsiyaya kusa da rijiya, da ƙurar dutse, da ruwan da ke fita daga wurin turara shinkafa. Idan ana iya rubuta maka ita a takarda, a rubuta. Idan ba a iya ba, to kai ne mai tsaronta, ka nisanta tankin mai da rijiyar mutane.

Yaran da ke yi maka aiki kuma babinsu daban ne. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta ce mai ɗaukar ma'aikata ya riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashi a asusun NSITF. Kada ka manta da su. Su ne suka fi kowa kusa da bel da birki.

Idan za ka je, kada ka je kai kaɗai. Nemi dillalin inshora mai rajista, wanda aikinsa ke nan, ka zaunar da shi a wurin injin ya gani da idonsa. Ka gaya masa komai. Motar tana tafiyar dare, faɗa. Akwai makarantar allo a bayan katanga, faɗa. Kana ajiye jarkokin mai a sito, faɗa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Abin da ka ɓoye don a rage maka kuɗi, shi za a ɗauko a hana ka biya ranar da kake buƙata. Na san ba halinka ba ne ƙarya, amma mutum yakan yi shiru don ganin abin ƙarami ne.

Nawa za ka saya? Kada ka auna da kuɗin motarka. Ka auna da abin da ke gefen hanyar da take bi. Shiga gaban tifar wata rana, ka bi ta tun daga rafi har inda ake juyewa. Ka ƙirga kasuwanni, da makarantu, da gidajen mai, da garken shanun da ke tsallaka titi. Saniya ɗaya nawa ce yau? To garke fa? Daga nan za ka san adadin da ya kamata.

Idan kuɗin bai isa a yi duka a lokaci ɗaya ba, ba komai, a hankali ake hawa. Ka fara da mafi haɗari. Shawarata dai ita ce kada tankar nan ta ɗauki ko lita ɗaya sai takardunta biyu sun kammala, ta farko da ta ƙari, ko da hakan zai sa ka rasa kakar noman rani guda. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ka sa ranar sabunta takardun duka ta zo ɗaya, don kada wata ta mutu wata tana raye. Ka ajiye kwafi a gida, ka nuna wa maiɗakinka inda suke, ka ba ƙaninka lambar dillalin. Ka koya wa direbobinka cewa idan abu ya faru, a fara kai wanda ya ji rauni asibiti, a sanar da 'yan sanda, a kira ka. Kai kuma ka sanar da kamfanonin biyu a ranar, a rubuce, ko da kana ganin abin ba zai kai ga na sama ba. Ka je ka duba majinyaci, ka yi jaje, ka yi ta'aziyya kamar yadda aka tarbiyyantar da kai. Maganar adadin kuɗi ce kawai za ka dakata da ita, kada ka sa hannu a kan wani alkawari sai wakilin kamfanin yana zaune a wurin.

Idan dillalin ya kawo maka farashi, ka zo da takardun mu duba tare. Ka gaida mutanen gidan.