Halwar Mabiya Buda da Gyaran Halin Samari

Wani mai sauraronmu daga Zangon Kumasi ya aiko yana tambaya, wai shin gaskiya ne halwar mabiya addinin Buda tana shiryar da saurayin da ya kangare?

To, Malam, lalle an jarraba. A shekarar 1994, a kurkukun Tihar da ke birnin Delhi na ƙasar Indiya, malami S. N. Goenka ya zaunar da fursunoni kimanin 1,000 kwana 10, ba hira, ba taba, kowa ya tanƙwashe ƙafa yana lura da shigar numfashinsa da fitarsa, domin in fushi ya taso, mutum ya gan shi tun yana tsiro, kafin ya kai ga hannu. Sunan wannan hanya Vipassana.

Amma Musulmi ba baƙin tarbiyyar zuciya ba ne, gama Imamu Gazali ya yi dogon bayani a cikin Ihya'u Ulumiddini game da riyalar nafsu da muhasaba, kuma zawiyoyin Tijjaniyya na Kumasi ba su daina tara samari wajen wazifa ba. Saboda haka a haɗa yaro da malami mai haƙuri, a kuma nema masa sana'a, domin zaman banza shi ke haifar da shashanci. Allah ya shirya mana zuri'a.