Darasi: Yaro da Mahaifi Mai Taɓin Hankali

Bismillahir Rahmanir Rahim. Ya kai ɗalibi, ya ke ɗaliba, darasinmu na yau yana da nauyi, sai a karanta shi tare da iyaye.

A gidajenmu na Gwarzo da Kabo, akan sami uba ko uwa da ciwon taɓin hankali ya kama. Sai ka ga yaro ɗan shekara 12 shi ne mai rufa asiri. In an tambaya ya ce, "Baba ya yi tafiya." In Inna ta ce maƙwabta sun yi mata sammu, ya ce haka ne, don kada ta yi faɗa. In ta ƙi shan magani, ya taya ta ɓoyewa. Shi a ganinsa biyayya ce.

To, ka sani wannan cutarwa ce ta fuska uku:

1. Ciwon yana daɗa ƙarfi, tunda ba a kai mai shi asibiti ba.
2. Yaron yana barin allo da boko don gadin gida.
3. Yana girma cikin fargaba da rashin barci, har ya ɗauka laifinsa ne. Wallahi ba laifinsa ba ne.

Allah Ya yi umarni da kyautata wa iyaye a Suratul Isra'i, aya ta 23, kuma nema musu magani yana cikin kyautatawar. Annabi (SAW) ya hore mu da neman magani, ya kuma sanar da mu cewa ba a rubuta wa wanda hankalinsa ya gushe zunubi. Saboda haka babu abin kunya.

Me za ka yi? Ka gaya wa kawu, gwaggo ko malaminka. Manya su kai shi Babban Asibitin Gwarzo, ko asibitin masu taɓin hankali na Dawanau, ko Asibitin Koyarwa na Aminu Kano. Addu'a da magani tare suke tafiya. A 2023 aka sa hannu kan dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta Nijeriya, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta kuma kare haƙƙin mara lafiya. Kada a ɗaure shi da mari, kada a doke shi.

Iyaye da dangi, ku sauke wa yara wannan kaya, ya fi ƙarfinsu.

Tambaya: in Baba ya ce ka zubar da maganinsa, wa za ka fara sanarwa?

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, amin.