Yadda Ake Bandar Kurungu

Mu nan Sakkwato, da Allah bai haɗa mu da teku ba, muna da kifin kurungu, wanda ke laɓewa ƙarƙashin duwatsu da saiwoyi a gulbin Rima. Hukuncinsa kuwa a mazhabar Imamu Malik halal ne, ba ya bukatar yanka.

Da farko sai mutum ya yi sammako, ya fita ta Ƙofar Dundaye ya nufi Kwalkwalawa, inda masunta ke fito da abin da suka kwana kamawa, ya zaɓi wanda idonsa ke garau, jikinsa bai saki ba.

Kafin wuƙa ta taɓa cikinsa, wajibi ne a karya ƙayoyinsa uku, ɗaya a gadon baya, biyu a gefen wuya, domin kurungu yakan miƙe su ya kafe, kuma wanda suka soka zai wuni yana jin raɗaɗi. Sa'an nan a farke ciki a fid da hanji, a cuɗe yauƙin da toka, a ɗauraye, a jiƙa shi cikin ruwan gishiri kamar rabin sa'a, a shimfiɗa a kan zana ya tsane.

Wuta ita ce asalin aikin, kuma a nan ne galibin masu gaggawa ke hasara. A samu rabin ganga a ɗora mata raga, a hura itacen ƙirya ko marke har harshen wuta ya faɗi, garwashi da hayaƙi su saura. Sai a jera kifin ba tare da wani ya hau wani ba, ana juyawa sannu a hankali, har ya yi ja, ya bushe ƙamas. Wuta mai ƙarfi waje take ƙonawa ta bar ciki ɗanye, kwana kaɗan tsutsa ta shiga.

In ya huce a zuba cikin kwando a rataye inda iska ke ratsawa, in damina ce a riƙa maimaita masa hayaƙi. Amma masu fesa masa fiya-fiya don korar ƙwari, su ji tsoron Allah su daina, gama guba suke sayar wa jama'a.