Hukuncin Karɓar Taimakon Kuɗin Karatun Jami'a

Wani uba a Ƙofar Kaura ya tambaye ni, ɗansa ya sami shiga Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, amma ƙarfinsa bai kai ba, shin yaron ya haƙura ke nan?

A'a, akwai ƙofofi uku na halal. Ta farko ita ce kyautar kuɗin karatu, irin wadda hukumar tallafin karatu ta Jihar Katsina ke bayarwa. Sharaɗinta gaskiya wajen cika takarda, domin wanda ya yi ƙarya ya ci haƙƙin wani. Ta biyu ita ce zakka. Ɗalibi matalauci yana cikin kashi takwas da aya ta 60 ta Suratut Tauba ta lissafa. Ta uku ita ce rancen NELFUND, wanda dokar 2024 ta kafa. Ba ruwa a cikinsa, saboda haka ba riba ba ne. Ana fara biya shekara 2 bayan bautar ƙasa. Amma fa a sani, bashi ne, kuma ya tabbata a hadisi cewa ko shahidi ba a yafe masa bashi.

Allah Ya sa mu dace, amin.