MBA Ba Tare da Ajiye Aiki Ba: Shawarwari ga Mai Nema da Mutanen Gidansa

Ma'aikacin banki, ɗan kasuwar Kantin Kwari, malamar asibitin da aka ɗora wa shugabancin sashe, duk za ka ji suna zancen komawa makaranta su yi MBA, wato digiri na biyu a fannin tafiyar da kasuwanci. Mafi yawansu ba su da halin ajiye aiki, don haka sai karatun ƙarshen mako, ko na yamma, ko na intanet. Abu ne mai yiwuwa, kuma yana da amfani ƙwarai. Sai dai mutum ɗaya ke shiga aji, amma gida ne gaba ɗaya ke biya: da kuɗi, da ranakun Asabar, da haƙuri. Ga abin da zai rage maka wahala. Ke ma 'yar'uwa mai wannan niyya, da ke nake.

1. Tantance abin da kake nema da digirin.
In ƙarin girma kake so a wurin aiki, ko kana son iya riƙe kasuwancinka da lissafi da tsari, MBA ta dace da kai. In kuwa burinka koyarwa a jami'a ne ko digirin digirgir, dakata ka yi tambaya, domin jami'o'in Najeriya da dama suna kallon MBA a matsayin digirin sana'a, digiri na biyu na M.Sc. suke nema ga mai son zarcewa. Tambaya ɗaya a makarantar karatun gaba da digiri za ta iya cetonka daga asarar shekara biyu.

2. Zauna da iyali kafin ka sayi fom.
Karatun nan yakan ci shekara ɗaya da rabi zuwa biyu, wani lokaci fiye, kuma ranakun da yake ci su ne na ɗaurin aure, da suna, da gaisuwar iyaye, da cefanen mako. Ka faɗa wa uwargida gaskiyar abin da zai ragu, ku raba ayyukan tun yanzu: wa zai kai yara Islamiyya ranar Asabar, wa zai je kasuwa, wa zai wakilce ka a taron dangi. Ka je da ƙafarka ka sanar da iyaye, ka nemi albarkarsu. In sun sani tun farko, su ne za su riƙa ba 'yan'uwa uzurinka ranar da ba a gan ka a wajen biki ba. Wannan zama ya fi kowace shawara a nan muhimmanci, don yawancin waɗanda na ga sun bar karatun a tsakiya ba wahalar darasi ce ta kore su ba, gida ne bai shirya ba.

3. Tabbatar makarantar halastacciya ce.
Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, tana da jerin jami'o'in da ta amince da su a shafinta, dubawa kuma kyauta ce. Ka tuna yadda Umar Audu na jaridar Daily Nigerian ya ɓad da kama ya samo digiri daga Kwatano ta ƙasar Benin cikin mako shida, abin da ya sa a Janairun 2024 gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance takardun digiri daga Benin da Togo. Duk wanda ya ce zai ba ka MBA cikin wata uku ba jarrabawa, kuɗinka kawai yake so.

4. Zaɓi tsarin da ya dace da inda kake zaune.
Mazaunin Kano da kewaye yana da Makarantar Kasuwanci ta Dangote a Jami'ar Bayero, wadda aka buɗe sabon gininta a 2018. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya tana da MBA ta cibiyarta ta karatu daga nesa, wanda ake bi ta intanet, Buɗaɗɗiyar Jami'ar Ƙasa, NOUN, kuma tana da cibiyoyi a jihohi. Makarantar Kasuwanci ta Legas, wadda aka kafa a 1991, tana da suna sosai, kuɗinta ma haka. Ka lissafa hanya da idon basira: tafiyar awa uku kowace Juma'a da yamma tana da sauƙi a wata na farko, a wata na goma sha biyar kuwa, da damina da tsadar mai da zullumin hanya, wata magana ce daban.

5. Nemi wanda yake cikin ajin yanzu.
Takardar talla za ta gaya maka abin da aka tsara, ɗalibi ne zai gaya maka abin da ake yi. Tambaye shi ko malamai suna zuwa a kan lokaci, ko ana mayar da darasin Asabar tsakiyar mako ba sanarwa, sakamako wata nawa yake ɗauka, da kuma ko 'yan ajin da suka gabace su sun karɓi takardunsu.

6. Haɗa takardunka wuri ɗaya, ka duba sunanka a kan kowace.
Galibi za a nemi kiredit biyar na WAEC ko NECO har da Turanci da Lissafi, da takardar digirin farko, da ta kammala bautar ƙasa ko ta yafewa, da ta haihuwa, da hotuna. Abin da ya fi tsayar da mutane shi ne saɓanin suna: Muhammad a nan, Mohammed a can, wata takardar da sunan kaka, wata da sunan gari. Ka je kotu ka yi takardar rantsuwa tun yau, kuɗinta kaɗan ne, sannan ka ɗauki hoton kowace takarda ka aika wa kanka ta imel don ɓacin rana.

7. Nemi tiranskirif kafin komai.
Wannan shi ne cikakken sakamakonka na kowane darasi, kuma tsohuwar makarantarka ce ke aika shi kai tsaye zuwa sabuwar, ba a ba ka a hannu. Yakan ɗauki makonni, wani lokaci watanni, don haka kada ka jira sai an buɗe sayar da fom. Ka ajiye rasit, ka san ofishin da fayil ɗinka yake, ka riƙa leƙawa cikin ladabi har sai an tabbatar maka ya isa.

8. HND ko digiri mai daraja ta uku ba su rufe maka ƙofa ba.
Jami'o'i da yawa za su ce ka fara yin difiloma ta gaba da digiri, PGD, ta kamar shekara guda, sannan ka wuce MBA. Ka sa wannan shekara da kuɗinta cikin lissafin da za ka kai wa iyali. Ga wanda ya daɗe da barin aji ma alheri ce, don tana sake saba masa da karatu da rubutu a hankali.

9. Zaɓi masu yi maka shaida da suka san aikinka.
Tsohon malaminka da shugabanka na wurin aiki sun fi babban mutumin da bai taɓa ganin aikinka ba. Ka ba su mako biyu ko uku, tare da taƙaitaccen tarihin aikinka, don su sami abin rubutawa.

10. Karɓi izinin wurin aiki a rubuce.
"Ba komai, je ka yi" na baki yana tafiya ne tare da shugaban da ya faɗe shi ranar da aka yi masa canjin wuri. Ma'aikacin gwamnati musamman ya rubuta takarda ta bi matakan da aka saba, ya ajiye kwafin amsar, domin akan ƙi karɓar takardar karatun da aka yi ba izini lokacin ƙarin girma. Ka kuma roƙi a raba maka hutun shekara gida biyu, ya faɗo a makonnin jarrabawa.

11. Lissafa kuɗin gaba ɗaya, ba na makaranta kaɗai ba.
Rubuta kuɗin fom, na karɓar gurbi, na rajista, na mota ko mai, na masauki in za ka kwana, na data, na buga takardu, na abincin rana, na ɗaure kundin bincike; jimlar waɗannan ƙananan za ta ba ka mamaki. Ka shiga adashe, ka roƙi a ba ka kwasa a watan da ake biyan rajista, ko ka sa banki ya riƙa cire wani abu ranar albashi zuwa asusun da ba ka riƙe katinsa. Abu biyu kada ka taɓa su ko da wasa: kuɗin makarantar yara da jarin shago. Kada kuma ka dogara da tallafin asusun manyan makarantu na TETFund in ba ma'aikacin babbar makarantar gwamnati ba ne kai, don ba da kai aka tsara shi ba. Gara ka tambayi kamfaninku ko yana da tsarin taimaka wa masu ƙaro karatu.

12. Biya ta hanyar da jami'a ta shimfiɗa kawai.
Ka fitar da takardar biya daga shafin jami'ar da kanka, ka biya, ka buga rasit biyu. Kada ka tura ko sisi zuwa asusun wani mutum da ya ce yana da hanya, kuma in a shagon intanet aka cike maka fom, ka sa lambar wayarka da imel ɗinka, ka canza kalmar sirri kafin ka bar wurin.

13. Wanke lissafinka kafin a shiga aji.
Darussan da suka fi kayar da mutane su ne ilimin akanta, da sarrafa kuɗi, da ƙididdiga, musamman ga wanda ya karanta tarihi ko harsuna ko shari'a. Aron littafin lissafin ɗanka ko ƙanenka na babbar sakandare ya isa: bi kaso cikin ɗari, da ribar da ke hawa kan riba, da zana jadawali. Ka koyi Excel wata biyu kafin a fara, akwai darussa kyauta a YouTube, kuma ka gwada da kuɗin cefanen gidanku don hannunka ya faɗa.

14. Kama awa ɗaya kullum, ka tsare ta.
Bayan sallar Asuba, kafin yara su tashi kuma kafin waya ta fara ƙara, ita ce awar da ta fi albarka ga yawancin masu aiki. Awa ɗaya kullum ta fi kwana biyu ba barci a bakin jarrabawa, don kan ɗan shekara arba'in ba ya ɗaukar abin da ya ɗauka yana ashirin. Ka duba kalandar makaranta ka ga inda azumi da sallah za su faɗo, ka rage aikin da ke kanka kafin watan ya kama.

15. Shirya wa wuta da data.
Sauke littattafai da bidiyon darasi cikin dare, lokacin da data ta fi araha, ka ajiye su a waya. Ka tanadi fitila mai caji, da batirin cajin waya, da layi na biyu na wani kamfanin, domin ranar miƙa aiki ce sabis ya fi son ɗaukewa. Tsohuwar kwamfuta mai batir mai kyau ta wadatar, ba sai sabuwa ba.

16. Riƙe 'yan ajinku da kyau.
Rabin ribar wannan digiri tana kan kujerun da ke kusa da kai: akanta, injiniya, likita, jami'in kwastan, mai masana'anta, mutanen da ba za ka haɗu da su a ofishinku ba. Ku haɗa ƙungiyar karatu ta mutum huɗu ko biyar, a tabbatar akwai mai ƙarfi a lissafi da mai iya rubutu, ku sa dokar cewa zauren WhatsApp ɗinku na karatu ne kawai. In an ba ku aikin haɗin gwiwa ka yi naka kason a kan lokaci, domin waɗannan mutane za su tuna halinka bayan an manta makin da kowa ya ci.

17. Ke mai goyo ko mai ƙananan yara, tanadi mutum biyu.
Mai kula da yara ɗaya ba ta isa ba, don ranar jarrabawa ce za ta tashi da zazzaɓi. Ki yi magana da inna ko ƙanwa ko maƙwabciya amintacciya tun farkon zango, ki dafa miyar kwana biyu ranar Alhamis. Kai kuma maigida, in ita ce ke karatun, ɗauke mata kai yara makaranta da abincin Asabar ba gata ba ne, rabonka ne na aikin da kuka amince da shi tare.

18. Zaɓi batun kundin bincikenka tun shekarar farko.
Ɗauko matsalar da kake gani kullum: bashin da kwastomomi ba sa biya, kayan da ke lalacewa a sito, ma'aikatan da ke gudu bayan wata shida. Bayanan suna kusa da kai, abin da ka gano kuma zai yi maka aiki ranar Litinin, amma ka nemi izini kafin ka fitar da alƙaluman kamfani. Kada ka sayi kundi a hannun masu rubutawa. Jami'o'i da dama yanzu suna bi da manhajar gano kwafe, kuma ranar kare aiki a gaban malamai, tambaya biyu ta isa ta tona wanda bai rubuta da hannunsa ba. Malamin da ke duba aikinka kuma ka riƙa kai masa babi-babi, kada ka ɓace wata biyar ka dawo da littafi guda kana neman sa hannu.

19. Bar sarari don yajin aiki.
A 2022 ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, ta yi wata takwas tana yajin aiki, daga Fabrairu zuwa Oktoba, na 2020 ma ya kai kusan wata tara. Don haka kada ka ɗaura alkawarin sabon aiki ko tafiya a kan ranar gamawa da ke cikin takarda. In an rufe makaranta, wannan ne lokacin tattara bayanan kundinka da ci gaba da zubin kuɗin zango mai zuwa.

20. In abu ya cije, nemi ɗage karatu a hukumance.
Rashin lafiya, haihuwa, rasuwa, canjin wurin aiki zuwa wata jiha, duk suna faruwa cikin shekara biyu. Kada ka daina zuwa shiru, don za a rubuta maka faɗuwa a darussan da ka yi rajista, kuma kowace jami'a tana da iyakar zangunan da take ba ɗalibi. Rubuta takardar neman ɗagewa ta hannun shugaban shirin, ka haɗa da shaidar asibiti ko takardar canjin aiki, ka karɓi kwafi mai hatimi, sannan ka tambayi ranar da za a buɗe rajistar zangon da za ka dawo.