Darasi: Bayan Ruwa Ya Janye Daga Gida

A watan Yuli na 2018 ruwan sama ya sauka da dare a Jibiya, ya yi ambaliya, ya kashe mutum fiye da 40, ya rushe ɗaruruwan gidaje. Mu nan ƙasar Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa mun fi Jibiya samun ruwa, musamman a watan Agusta, yawancin gidajenmu kuwa ginin ƙasa ne. Saboda haka mu lura: ranar da ruwa ya janye ba ita ce ranar da hatsari ya wuce ba. Akwai abu uku da za mu duba.

1. Bango. Ginin ƙasa daga gindi yake shan ruwa. Sama tana nan kamar lafiya, alhali ƙasa ta jiƙe, ga nauyin azara da rufi a kai. Irin wannan ɗaki yakan faɗi bayan kwanaki. In bango ya tsage ko ya karkata, kada kowa ya kwana a ciki. Mu tokare azara da itace mai ƙarfi, mu buɗe ƙofa da taga, mu share rariya ruwa ya fita daga tsakar gida. Kada mu yi yaɓe sai bango ya bushe sarai.

2. Hatsi. Mu fitar da abin da ke cikin rumbu a ranar, mu ware jiƙaƙƙe daga busasshe, mu shanya a kan tabarma. Masara da gyaɗa in sun yi fumfuna sukan ɗauki wata guba mai lalata hanta, dafuwa kuwa ba ta kashe ta. Kada mu ci, kada mu kai kasuwa, kada mu ba kaji. Hatsin da ruwan masai ya taɓa kuma, a binne shi.

3. Rijiya. Ambaliya takan kwashe ƙazantar masai da ta turken dabbobi ta zuba a rijiya. Nan ne amai da gudawa ke farawa. A yashe rijiyar, a ɗaga bakinta. Ruwan sha kuwa a tafasa shi, ya yi minti 1 yana tafasa. In yaro ya kamu da gudawa, a zuba ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri cikin lita 1 ta tafasasshen ruwa da ya huce. A riƙa ba shi, a kuma kai shi asibiti.

Wannan aiki ya fi ƙarfin gida ɗaya. Mu yi gayya, mu fara da gidajen tsofaffi da gwauraye. Mai unguwa kuma ya rubuta asarar kowa, a kai wa ƙaramar hukuma.

Tambayoyi don tattaunawa:
(a) Ta ina ruwa yake fita daga unguwarmu?
(b) Taku nawa ne tsakanin rijiyarmu da masai?
(c) Ɗakin wa ya kamata mu duba kafin damina?